An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Mai Doguwar Jinya da Ma'aikatan Ɗakin Kati

Tun ƙarfe shida da rabi na safe, kafin a buɗe tagar ɗakin kati, bencin da ke gabanta ya riga ya cika. Haka abin yake a manyan asibitocin gwamnati da ke Abuja duk ranar da masu ciwon suga da hawan jini ke ganin likita. Ga dattijon da ya yi ritaya, wanda ya taso daga Kubwa tun asuba. Ga matar da ta baro yara a Lugbe ba su gama shirin makaranta ba. Ga kuma ma'aikaci mai matsakaicin muƙami da ya nemi izinin awa biyu a ofis, alhali ya san awa biyar ma da wuya ta ishe shi. Da yawansu ba su karya ba, domin gwajin suga na safe sai mutum ya yi aƙalla awa takwas bai ci komai ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina cikin masu zaman wannan benci.

Wata safiya aka kira duk waɗanda muka zo tare, aka bar ni. Na je taga, matar da ke ciki ta ce ba a ga fayil ɗina ba, in ɗan ƙara haƙuri. Na koma na zauna. Bayan rabin awa na sake zuwa, ta maimaita abin da ta faɗa. A zuwa na uku ne na ɗaga murya. Na faɗa mata cewa ba su san aikinsu ba, kuma irinsu ne suka kashe ƙasar nan, har na ambaci sunan ma'aikatar da nake aiki, kamar hakan zai sa fayil ya fito daga bango. Ba ta tanka ba. Ta rufe rabin tagar, ta fita ta ƙofar baya, ta daɗe, sannan ta dawo riƙe da fayil ɗin. Ashe yana sashen ido, inda ni da ƙafata na je a duba ni wata guda kafin ranar, ba a dawo da shi ba. Sashen yana can wani gini dabam, kuma babu masinja a ranar.

Na karɓi abin da nake nema, amma awon hawan jinin da nas ta yi mini bayan mintuna kaɗan ya haura yadda ya saba. Ta dube ni, ta ce in koma in zauna shiru na ɗan lokaci a sake aunawa. Ƙa'idar awon ke nan: mutum ya zauna aƙalla minti biyar cikin natsuwa kafin a ɗaura masa abin awo. Wanda ya yi faɗa a taga ya wuce kai tsaye wurin awo, lambar ƙarya zai kai wa likita, kuma a kan wannan lambar ake iya ƙara masa magani. Fushin nawa dai bai jira Lahira ba, a nan take ya fara biyana.

Ciwon kwana uku da ciwon shekara talatin ba hali ɗaya suke bukata ba. Mai zazzaɓin cizon sauro zai zo sau ɗaya, ya yi faɗansa, ya warke, ya manta da fuskar kowa. Mai ciwon suga, ko hawan jini, ko asma, ko farfaɗiya, ko amosanin jini, ko wanda ake yi wa wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, shi ya zama ɗan unguwa. Likitocin da ke duba shi suna canzawa, musamman a asibitocin da ake horas da masu neman ƙwarewa, inda yau ka ga wannan, wata uku ka ga wani. Amma mai kati, da nas ɗin awo, da mai ɗibar jini, da mai ba da magani, da mai kula da teburin inshora, da mai gadin ƙofa, su ne dai za ka tarar shekara da shekaru. Idan aka lissafa awa biyar da mutum ke yi a asibiti, abin da yake yi gaban likita bai fi minti goma ko sha biyar ba. Sauran duk a hannun waɗannan mutane yake.

Mafi yawan abin da ke tunzura mu a taga, ba a tagar aka ƙulla shi ba. Ɗauki batun inshora, wanda kusan duk ma'aikacin tarayya ya san ɗacinsa. An kafa dokar NHIS a 1999, shirin ya fara aiki a 2005 da ma'aikatan gwamnatin tarayya, sannan a watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar da ta mayar da hukumar NHIA. Shirin ya haɗa da ma'aikaci da abokin zamansa da 'ya'yan cikinsu huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, kuma majinyaci yana biyan kashi 10 cikin ɗari na kuɗin magani. Asibitin da ka zaɓa yana karɓar wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane mutum da ya yi rajista da shi, don kulawar matakin farko. Da zarar an ce sai ƙwararren likita ya gan ka, ko sai an yi wani babban gwaji, lissafi ya canza: wannan aikin biyansa dabam ne, kuma sai kamfanin HMO ɗinka ya ba da lambar amincewa. Idan asibiti ya yi aikin babu lambar, yana iya yin asarar kuɗinsa, a kuma tuhumi ma'aikacin da ya bari aka yi. Saboda haka yarinyar da ta ce maka “ana jiran kod” ba mugunta take yi ba. Ita ma waya ta buga ko saƙo ta tura, tana zaune tana kallon allo kamar yadda kake kallon ta.

Mai doguwar jinya kusan kullum a wannan mataki na biyu yake, don haka shi ya fi kowa cin karo da wannan jira. Abin da ya kamata ya sani shi ne, daga watan Afrilun 2025 hukumar NHIA ta umarci kamfanonin HMO su ba da lambar amincewa cikin awa ɗaya da samun bukata daga asibiti. Wannan makami ne, amma kan kamfanin ake ɗaga shi. Tambayi ma'aikaciyar ƙarfe nawa ta tura bukatar, ka rubuta, ka kira kamfanin da kanka, ka ba su lambar rajistarka, ka tuna musu umarnin. Na lura cewa da zarar ma'aikaciyar ta ga ka tsaya gefenta kuna neman abu ɗaya, sai ta fara gaya maka abin da da ba za ta faɗa ba: wane layi ne ake ɗauka da wuri, wace takarda ce ba a haɗa ba.

Haka batun ɗakin magani. Jerin magungunan inshora da sunan asalin magani yake tafiya, ba da sunan kamfani ba, shi ya sa wannan watan kwalin metformin ko amlodipine ɗinka fari ne, wata mai zuwa shuɗi. Mai ba da magani bai sauya maka don ya cuce ka ba, kuma idan kana da shakka, shi ne ya fi cancanta ka tambaya cikin ladabi ko ƙarfin ɗaya ne. Idan kuma ya ce babu, ka tuna cewa a 2023 kamfanin GSK, sannan Sanofi, sun sanar da daina sayar da magungunansu kai tsaye a Najeriya, a daidai lokacin da darajar naira ke faɗuwa. Masu asma sun ga yadda farashin abin shaƙa ya yi tashin gwauron zabo. Babu ko ɗaya cikin waɗannan shawarwari da aka yanke a bayan kantar da kake bugawa.

Sai batun yawan hannu. A watan Maris na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci tsakanin 15,000 zuwa 16,000 sun bar ƙasar cikin shekaru biyar. Likitoci ake ƙirgawa saboda su ne ake gani, amma nas-nas da masu gwaji da masu harhaɗa magani su ma suna tafiya, kuma duk wanda ya tafi, aikinsa kan na kusa da shi yake faɗawa. Waɗanda suka rage ɗin, da yawansu daga Mararaba da Masaka da Suleja da Gwagwalada suke tasowa, a motocin da kuɗinsu ya ninka bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Alawus ɗin haɗarin aiki na ma'aikatan lafiya ya shekara da shekaru yana naira 5,000 a wata, sai a ƙarshen 2021 aka sake duba shi. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ƙiyasta cewa tsakanin kashi 8 zuwa 38 cikin ɗari na ma'aikatan lafiya suna fuskantar duka ko makamancinsa a wani lokaci na rayuwar aikinsu. Zagi da tsawa sun fi haka yawa nesa ba kusa ba.

Abin mamakin shi ne mu ma'aikatan gwamnati, da ya kamata mu fi kowa fahimtar wannan, mu ne muka fi zafi. Wanene a cikinmu bai taɓa zama a bayan tebur ba, wani ɗan fansho ko ɗan kwangila ya tsaya a kansa yana zaginsa saboda fayil na ofishin darakta sati uku ba a sa hannu ba? Wanene bai taɓa cewa “sabis ya ɗauke” ba, aka yi masa kallon maƙaryaci alhali gaskiya ya faɗa? Wanda aka taɓa tsallake sunansa a IPPIS ya san yadda tsari ke cutar da mutum ba tare da an sami wanda za a kama ba. Muna sane da duk wannan daga Litinin zuwa Juma'a a Sakatariyar Tarayya, amma ranar asibiti sai mu manta. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Akwai wata kalma da ma'aikatan asibitocin Abuja suka ji har sun gaji: “Kin san ko ni wanene?” A garin da kowane mutum na uku yake da katin shaida mai tambarin gwamnati, wannan tambaya ba ta tsorata kowa, ƙyama kawai take jawowa. Ta fi fitowa daga bakin hadimai da direbobi da 'yan rakiya fiye da manyan da kansu. Ina tausaya wa hadimin, domin shi ma tsakanin wuta biyu yake: an aiko shi ya karɓo maganin Oga ko na Hajiya, an ce kada ya daɗe, kuma ya san idan ya dawo hannu biyu shi za a yi wa faɗa. Amma idan ya zo ya tsallake layi da sunan maigidansa, mutum ashirin da ba su karya ba suna kallo, kuma da ya juya baya, kan ma'aikaciyar za su sauke fushinsu. Hadimin da ya san aikinsa yakan yi abin tun kafin ranar: ya tabbatar da ranar ganin likita, ya sa a nemi lambar amincewa da wuri, ya zo da kati da takardar magani cikakku. Kuma ya sani cewa idan aka hana shi sakamakon gwajin maigidansa, ba raini ba ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana bayyana bayanan majinyaci ba tare da izininsa ba, kuma wannan ƙin da ya ɓata masa rai shi ne yake kare sirrin maigidan nasa daga wani hadimin.

Kada a ɗauka ina wanke ma'aikatan asibiti tas. Akwai masu wulaƙanci a cikinsu, akwai mai danna waya kana gaishe ta ba ta ɗago ba, akwai wanda sai ya ga babbar riga yake samun fayil. Masu amosanin jini sun fi kowa sanin wannan ciwo: matashi zai zo yana murƙususu, ƙasusuwansa kamar ana sara, ya faɗi sunan allurar da ta saba yi masa aiki saboda ya shekara ashirin yana shan wannan azaba, sai a yi masa kallon ɗan ƙwaya. Ba za a ce wa irin wannan ya yi murmushi kafin a duba shi ba. Kulawa haƙƙi ce, ba ladar fara'a ba, kuma Kundin Haƙƙoƙin Majinyata da Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya ƙaddamar a watan Yulin 2018 ya tabbatar wa majinyaci haƙƙin a mutunta shi, a yi masa bayani da harshen da yake ji, kuma ya kai ƙara idan an zalunce shi. Sai dai wannan kundin bai tsaya kan haƙƙoƙi kaɗai ba, ya kuma jero nauyin da ke kan majinyaci, ciki har da mutunta ma'aikata. Mukan karanta rabin farko mu ninke takardar.

Kuma ko don a yi nasara, tsawa ba ta kai ƙara a rubuce ba. Wanda ya yi ihu a taga ya ba wa mai laifi mafaka, domin labarin da zai kai sama shi ne “wani majinyaci ya yi rashin kunya”, a manta da asalin abin da ya faru. Wanda ya rubuta rana da lokaci da abin da aka yi masa, ya kai wa babbar nas ta sashen ko teburin SERVICOM, wanda aka kafa tun 2004 don irin wannan, ya bar abin da dole a buɗe wa fayil. Mu da muke rayuwa da takarda mun san bambancin.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne cutar kanta tana sa faɗa. Idan suga ya yi ƙasa, saurin fushi yakan zo tare da rawar jiki da gumi. Ciwo mai tsanani, rashin barci, da wasu magunguna irin su prednisolone, duk suna taɓa hali. Ga kuma tsoro, wanda shi ne babba: mutumin da ke jiran sakamakon gwajin ƙoda ba fayil yake yi wa faɗa ba. Sanin haka bai zama lasisin cin mutunci ba, amma yana nuna inda za a toshe. Tun daga waccan rana ba na zuwa asibiti sai da dabino da ruwa a jaka, ina ci da zarar an ɗebi jini. Idan kuma na ji jikina ya fara sauyawa a kan layi, nakan je in gaya wa nas kai tsaye, “Sista, ina jin sugana ya sauka.” Ban taɓa faɗin haka aka share ni ba. Ranar wanka ba a ɓoye cibiya.

Sauran abubuwan ƙanana ne, har mutum ya ji kunyar rubuta su. Gaisuwa kafin miƙa kati, da tambayar an tashi lafiya, ya aiki. Kiran mutum da “Malama” ko “Sista” ko “Baba” maimakon “ke” da “kai”. Riƙe lambar kati a ka ko a waya, domin da lamba ake jera fayil, kuma masu suna irin naka a wannan ɗakin sun fi a ƙirga. Zuwa a ranar da aka ba ka, saboda a wurare da yawa tun jajibiri ake fitar da fayilolin waɗanda aka rubuta, wanda ya faɗo ba a ranarsa ba kuwa sai an shiga nema daga tushe. Zuwa da kwalayen magungunan da kake sha maimakon cewa “wani ɗan fari ne ƙarami”. Da kuma yin shiru idan nas ta shigar da wani gabanka, domin ita ta ga lambar awonsa, kai ba ka gani ba.

Inda nake da tsauri shi ne batun na goro. Akwai masu ganin kyautatawa ita ce a dunƙula dubu biyu a cikin kati. Wannan sayen layi ne, kuma wanda ake saye a kansa shi ne dattijon nan na Kubwa da fanshonsa bai shigo ba. Yana kuma ɓata ma'aikacin, ya koya masa duba hannu kafin fuska, ya jefa aikinsa cikin haɗari. Ga wanda yake son ya saka alheri da gaske, akwai hanyar da ta fi wannan tsada a wurin ma'aikacin gwamnati, kuma ba ta cin ko kobo: takardar yabo zuwa ga shugaban asibiti, da sunan ma'aikacin da abin da ya yi da ranar da ya yi. Mun san abin da irin wannan takarda ke nufi a fayil ɗin mutum. Akwatunan ƙorafi cike suke, amma ka tambayi kanka yaushe rabon da ka rubuta wa wata hukuma cewa ƙaramin ma'aikacinta ya kyauta.

Ba zan ɓoye ba, akwai riba a ciki. Wadda ta san fuskarka da alheri ita ce za ta ce maka likitanka ya tafi hutu, ka dawo mako mai zuwa kada ka ɓata kuɗin mota. Mai magani ne zai raɗa maka cewa insulin ya iso, ka zo kafin ya ƙare. Mai gadi ne zai nemo keken majinyata ranar da ƙafa ta ƙi ɗaukar ka. Amma ban so a tsaya a kan riba, domin wanda ke gaisuwa don a yi masa alfarma, ranar da ba a yi ba zai koma halinsa, kuma mutanen taga sun fi kowa iya gane irin wannan gaisuwa.

Sai da wata uku ta zagayo, ranar komawata ta yi, sannan na sami ƙarfin halin ba ta haƙuri. Na shirya maganata tun a mota. Da na isa taga na gaishe ta, na ce, “Malama, ni ne na yi miki tsawa kwanakin baya a kan fayil ɗin da aka samu a sashen ido. Don Allah ki yafe mini.” Ta dube ni da kyau, ta ɗan yi tunani, na ga alamar tana ƙoƙarin tunowa don kada ta ba ni kunya. Daga ƙarshe ta yi murmushi ta ce babu komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya, amma gaskiya ba ta gane wace rana nake nufi ba, don masu yin hakan suna da yawa. Sannan ta miƙo hannu ta ce in kawo katin, akwai mutane a bayana.